Sai Bayan Kaka, In Ji Baba

'Yan uwa masu bibiyata, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce wai na yi aure na manta da ku. Ina ma a ce haka ne. Yanzu haka a bayan gidanmu nake, zaune kan kifaffen bokiti, sanye da sabuwar atamfa mai ruwan ganye da na ɗinka musamman saboda yau. Ku yi haƙuri da rubutun. Abin da zan faɗa muku ni na jawo shi da hannuna, shi ya sa ya yi mini nauyi.

Wadda ba ta san ni ba, sunana Zakiyya, shekarata ashirin da huɗu, a Birnin Gwari nake. Mu uku muka rage a gida: ni, da Inna Huseina, da Babana Malam Bature. Akwai kuma Abdulfattah, ɗan unguwarmu ne tun muna yara, amma gidansu sun koma Kaduna, can yake koyarwa a wata firamare. Shekara uku ke nan yana nemana. Baba yana son shi, Inna tana son shi, ni kuwa ba sai na faɗa ba. To me ya hana? Kalma uku ce: sai bayan kaka.

A gidanmu ba a aurar da 'ya da hatsin saye. Haka Baba ya tashi ya tarar. Tuwon biki da garar amarya daga rumbun uba suke fitowa, kuma da wata farar dawa da muke kira 'yar Labaran, sunan kakan Baba da ya fara noma ta a gonarmu ta bayan Damari. Da ita aka yi bikin Yaya Bushira, har yau tsofaffin unguwa suna maganar tuwon nan. Sai dai rabon Baba da gonar shekara huɗu. Ranar da mutanen daji suka faɗo wa masu girbi, ya dawo gida ba takalmi, ba hula, ƙayoyi duk sun yage masa ƙafa, amma rungume da zangarniyar dawa kamar wanda ya ɗauko jariri. Tun daga ranar ba mu sake kaka ba. Amma duk wanda ya zo maganar aurena, amsar ba ta canzawa.

Sau biyu Kawu Abdulsamad, ƙanin mahaifin Abdulfattah, yana biyo rakiyar sojoji daga Kaduna don a sa rana. Ku da ba ku san hanyarmu ba, tafiya ce da mutum ke yafe wa iyalinsa kafin ya shiga mota. Sau biyun Baba yana shimfiɗa masa tabarma, a sha fura, a yi addu'a, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri. Sai bayan kaka."

Wata uku da suka wuce saƙon Abdulfattah ya shigo ina tsakiyar wanke-wanke.

"Zakiyya, Kawu ya ce zuwa ɗaya ya rage masa. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya, ba zai yi ta saka ransa a hanyar nan yana komowa hannu rabbana ba."

Na goge kumfa a zanina na rubuta, "To ya kake so in yi? In shuka dawar a kaina?"

"Ba faɗa nake ba, wallahi. Hajiya ce ta fara nuna mini hotuna."

Hotuna! Kun ji fa. Ni ina nan ina ƙirga damina, wata can a Kaduna tana gyara ɗaurin ɗankwali ana ɗaukar ta. Na ajiye wayar a kan turmi na yi kuka mai isata, ba don na tsani Hajiyarsa ba. Ita ma uwa ce. Kukan da na yi na wadda ba a ɗaure ta da igiya ba ne, amma ba ta da inda za ta motsa.

Anti Margaret ce ta jiyo ni ta kan katanga. Maƙwabciyarmu ce, malamar makaranta, mutuniyar Kagoro, ta fi shekara ashirin a garin nan. Tana kiwon kajin gidan gona, fararen nan masu ƙiba da ko tafiya da ƙyar suke yi.

"Ke, wa ya mutu?" in ji ta.

Na ba ta labari. Ta kalli bayan gidanmu, sai ta nuna da baki.

"Wancan ɗakin fa? Me ke ciki?"

"Kayan gonar Baba."

"Gonar da ba a zuwa? Zakiyya, Malam cewa ya yi ba ya aurar da ke da abin saye. To ki samar masa abin da ba na saye ba mana. Kaza in ta tashi a gidansa, ta ci a gidansa, ai tasa ce."

Ɗakin da take magana ƙarami ne, na jar ƙasa da rufin kwano, taku huɗu ne tsawonsa. A ciki Baba yake ajiye garma, da fartanya, da lauje, da sungumin shuka. Duk ranar Juma'a yana buɗe shi ya shafa musu mai ya mayar, kamar gobe za a tafi gona. A can sama kuma, a jikin katakon rufi, damin irin 'yar Labaran yake rataye. Ba wanda ya gudo da shi ba ne. Duk damina Baba yana shuka layi biyu a gindin katanga, ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya rataye, don kada irin ya mutu. Na taɓa ce masa, "Baba, ai ga kaka nan." Ya dube ni ya ce, "Wannan riƙon iri ne, ba noma ba."

Ni ban isa in tunkare shi da maganar ɗakin ba, Inna na turo. Ina laɓe a bayan labule lokacin da ta kai masa koko.

"Malam, yarinyar nan tana son ɗakin baya."

"Ta yi me da shi?"

"Kaji."

Ya ajiye ludayi. "A ɗakin garmata?"

"Garma ba ta san inda ta kwana ba, Malam. 'Yarka kuwa ta sani. Dubi yadda ta koma, duk ƙashin wuya."

 Washegari da hantsi sai na gan shi yana fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai, ya hana a taya shi. Ya jingina su a zaure, ya buga ƙusoshi ya rataye. Da ya gama ya kira ni, ya nuna mini sama.

"Wancan ba zai tashi ba. Duk gidan nan rufin nan ne kaɗai ba ya yoyo. Kin ga murfin gwangwanin da na zura a igiyar? Don ɓera ne, in ya biyo igiya ya zame. Ki yi kiwonki a ƙasa. Abu ɗaya na roƙe ki, Zakiyya, kada komai ya taɓa irin nan."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Anti Margaret ma da ta leƙo ta auna tsayin da ido ta yi dariya. "Haba Malam, wace kaza ce za ta kai can? Nawa ko kan bulo ba sa hawa."

Aikin ya ci mana kwana tara. Mijin Anti, Oga Gabriel kafinta, shi ya fasa mana taga biyu a bango ya sa ragar waya don iska, ya yi ƙofa mai sakata. Ni na toshe ramukan ɓera da siminti da fasassun kwalabe, na shafe bango da farar ƙasa har sau biyu, na daɓe ƙasan na zuba ɓuntun shinkafa mai kauri. Inna ta ba da tsoffin tukwane uku da suka fashe a gefe, muka kwantar da su a lungu muka sa ciyawa don saka ƙwai. Farcena duk ya kakkarye, lallen hannuna ya koma ruwan toka. Na ɗauki hoton hannun na tura wa Abdulfattah.

"Dubi abin da ka jawo."

"Wannan hannun ya fi duk hotunan Hajiya," ya rubuto.

"Daɗin baki. Ka ajiye shi sai ranar da za ka ci naman."

Da farko kajin gidan gona na so, irin na Anti. Amma 'yan tsakin daga Kaduna ake kawo su, kuma in mota ta yi awa biyar a rana tana jiran rakiya, rabinsu a kwali suke mutuwa. Sai Goggo Deborah ta raba gardama. Ba Goggona ta jini ba ce, ƙawar Inna ce da mutanen daji suka koro su daga ƙauyen Kusasu suka dawo gari, suna zaune a ɗaki ɗaya ita da jikoki, ga kajin Hausa da ta gudo da su a kwando ba ta da inda za ta sa. Ta ce in ɗauka in kiwata, in sun yi yawa in ba ta nata kason. Kaji tara da zakara ɗaya, jajaye da wake-wake, idonsu a tsaye kamar na waɗanda suka ga abin da suka gani.

Kwana biyu suna ta fuffuka suna dukan raga. Inna ta leƙa ta ce, "Kajin Hausa ba sa kwana a ƙasa. A ƙauye kan bishiya suke hawa. Ki sa musu sanda."

A nan na yi abin da na yi. Oga Gabriel ya tafi aiki wani gari, ni kuma gaggawa nake, gani nake duk kwana ɗaya hoto ɗaya ne a hannun Hajiya. Na ɗauko wata tsohuwar gora na gicciya ta daga bango zuwa bango. Da na ga suna rububi a kanta, na ƙara ta biyu a sama da ita, na ɗaga ta sosai don na ji muzuru na yawo a unguwa. Na tsaya na duba aikina har ina jin kaina. Ko sau ɗaya ban ɗaga ido na auna tsakanin gorar nan da damin Baba ba. Maganar Anti ce a kaina, cewa kaza ba ta kai can, na manta nata ne ba sa kaiwa.

Sai abubuwa suka fara kyau, kuma wannan ne ya fi ci mini rai in na tuna. Kaji suka kwantar da hankali, suka fara ƙwai. Jar nan da nake kira Hajiya, saboda yadda take harara, ita ta fara kwanci, ta fito da 'yan tsaki goma sha ɗaya. Wata ta biyo, wata ta biyo. Bayan gidanmu da ya yi shekara huɗu shiru kamar gidan makoki ya cika da tsiyau-tsiyau.

Baba bai taɓa shiga ɗakin ba tun da ya kwashe kayansa. Na san zuciyarsa ce ba ta so. Amma sai ya fara jawo kujerarsa bakin raga bayan la'asar, wai inuwa ta fi a can. Rannan na kama shi yana marmasa musu ragowar tuwo yana cewa, "Ke ja, bar ƙanana su ci mana." Da ya gan ni ya gyara murya ya ce in kawo masa buta.

Wata safiya Inna ta soya masa ƙwai biyu. Ya kalli farantin.

"Na kasuwa ne?"

"Na bayan gidanka ne, Malam."

Ya ci a hankali, ya suɗe yatsa. Na ga Inna ta juya baya tana murmushi.

To ga inda zan faɗi gaskiya, don in ban faɗa muku ba ban san wa zan faɗa wa ba. Na ga alama. Wajen mako uku da suka wuce ina sharar ɓuntu, na ga ƙaiƙayi a ƙasa daidai ƙarƙashin damin, da 'yan ƙwayoyin farar dawa. Ni dusar masara nake ba su, ina dawa ta fito?  Na fara ɗaga kai ke nan sai waya ta yi ƙara a ƙugu, Abdulfattah ne, kuma sabis a garin nan in ya zo ba ya jira. Na fita da gudu na hau kan turmi inda ya fi kamawa. Muka yi minti ashirin yana ba ni labarin ɗakin da ya gani a Rigasa mai taga biyu. Da na dawo, na kalli sama daga bakin ƙofa, wurin da duhu, damin yana nan da girmansa. Na ce wa kaina iska ce ta kaɗo. Ban ɗauko kujera na hau na duba ba. Tsoro nake in gani, shi ya sa ban duba ba.

Ranar Lahadin nan da ta wuce Baba ya kira mu ni da Inna bayan sallar azahar. Yana zaune a zaure ƙarƙashin garmarsa.

"Huseina, na yi tunani. Gonar nan ban san ranar komawa ba. Ina ta riƙe yarinya a kan abin da ba ya hannuna." Ya share fuska da tafin hannu. "Bana layi biyun gindin katanga su ne kakata. Zan ƙara su zama shida. Ko mudu uku aka samu, a zuba a tukunyar tuwon biki, 'yar Labaran ta shiga ciki, a cika da kajin yarinyar nan. Ba wanda zai ce Bature ya aurar da 'ya da abin saye. A ce wa mutanen Kaduna su zo a sa rana."

Inna ta fashe da kuka. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa na kama ƙafarsa ba. Ya ce, "Tashi, tashi, ke da za ki tafi ki bar mini kaji."

Na kira Abdulfattah na gaya masa. Ya yi ta cewa "Ki rantse, ki rantse." Kafin magariba ya turo cewa Kawu ya amince, za su biyo rakiyar Juma'a da safe, shi ma zai biyo su ya sauka gidan abokinsa. Ya ƙara da cewa, "Kawu ya ce in gaya miki, wannan ne na uku." Na tura masa hoton dariya. Na kai atamfata wajen tela, aka yi mini riga da siket da ɗan aiki a wuya. Inna ta jiƙa gero, ta aika aka sayo goro.

Ranar Laraba aka yi ruwan shuka, mai yawa, har ya cika kwatar ƙofar gida. Jiya Alhamis da hantsi Baba ya sauko da sunguminsa daga ƙusa, ya sassare ramuka layi shida a gindin katanga, yana yi yana 'yar waƙar da rabon da in ji ta tun ina firamare. Da ya gama ya ce, "Zakiyya, kawo kujera, ki riƙe mini."

Muka shiga ɗakin kajin. Kaji suka watse. Ya hau, ya kwance igiyar, murfin gwangwanin ya faɗo ya yi ƙara. Tun daga yadda damin ya zo hannunsa na gane, don ya ɗago shi da ƙarfi kamar mai jiran nauyi, sai hannun ya tafi sama. Ya sauko ya fito da shi rana.

Soshiya ce zalla. Zangarniyar tana nan da siffarta, amma ko ƙwaya babu, an tsattsage ta tas har ta ciki. Ya juya ta, ya buɗa tsakiya, ya karkaɗa a tafin hannunsa. Ƙaiƙayi ya zubo. Ya koma cikin ɗakin ya durƙusa, dattijo mai shekara sittin da bakwai, yana tona ɓuntu da kashin kaji da yatsunsa. Na durƙusa ina taya shi ina kuka. Ƙwaya huɗu muka samu, duk sun sha ruwa sun yi baƙi.

Sai ya ɗaga kai ya kalli gorar sama, ya kalli inda damin yake. Ko kamu biyu babu a tsakani.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni ce, Baba."

Na so ya mare ni. Wallahi na so ya ɗauki gorar nan ya karya ta a bayana. Sai kawai ya gyaɗa kai ya ce, "Kaza ba ta da laifi. Hatsi ta gani." Ya zuba ƙwayoyin huɗu a aljihu ya fita.

Anti Margaret ta shigo da gudu da ta ji kukana. Da ta ga soshiyar ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, Malam, ni na ce ba sa kaiwa. Ka yafe mini. Bari in tambaya a coci, cikin mutanen ƙauye ba za a rasa mai farar dawa ba."

"Farar dawa da yawa, Malama," in ji Baba. "Na gode."

Inna ta bi shi zaure. Ina jin su.

"Malam, a karɓi ta wani a shuka mana. Wa zai sani?"

"Ni."

"To a sa ranar kawai. Mutanen nan gobe suna hanya."

Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Akwai tulu a cikin tsohon rumbu, can gona. Na liƙe bakinsa da toka da laka shekarar da aka yi abin. In ba su ƙona rumbun ba, tana nan."

"Irin shekara huɗu? Ko tana nan ta mutu. Malam, kada ka ko fara wannan tunanin. Ka ji ni?"

"Na ji ki, Huseina."

Bai ci abincin rana ba, bai ci na dare ba. Na ɗauki waya sau ya fi goma in ce wa Abdulfattah su dakata. Inna ta ce in bari Baba ya huce, in ya ga baƙi a zaure kunya za ta sa ya sa ranar. Na yarda da ita don abin da nake so in ji ke nan. In na ce su fasa, na san Kawu ba zai sake zuwa ba. Sai na tura masa, "Allah ya kawo ku lafiya," har da hoton fure.

Yau da asuba Baba ya tafi masallaci kamar kullum. Gari ya waye bai dawo ba, muka ce ko ya tsaya gaisuwa. Na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, Inna ta dama fura. Ina cikin jera kofuna na lura kekensa ba ya inda yake jingine shi. Na shiga ɗakinsa. Wayarsa tana kan sallaya, da agogonsa, da 'yan takardunsa a ɗaure da roba, an ajiye su a jere yadda ba za a sha wahalar nema ba. Babbar rigar da Inna ta goge masa don baƙi tana rataye.

Oga Gabriel ne ya kawo labarin, bai ma iya kallon Inna ba. Ya ce wani mai faci a bakin gari ya ga Malam Bature tun rana ba ta fito ba, a kan keke, da tsohuwar rigar gona da buhu a ɗaure a baya, ya miƙi hanyar Damari. Ya kira shi, Baba ya ɗaga masa hannu kawai.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin murhu ta zuba wa wuta ido. Maza sun taru sun yi shawara, 'yan sa-kai sun ce ba mai shiga wajen nan sai an san halin da ake ciki. An yi sallar Juma'a an sauko. Ramuka layi shida suna nan a gindin katanga a buɗe, ƙasar ta fara bushewa.

Ni na gyara ɗakin nan don in samu hanyar fita daga gidan nan. Yau ga hanyar ta zo har ƙofa, kuma ko an buɗe mini ba inda zan iya zuwa. In Baba ya dawo, da wane ido zan dube shi? In kuma bai dawo ba, ni na tura shi, da gora biyu da ƙusa huɗu.

Yanzun nan saƙo ya shigo.

"Alhamdu lillahi, mun iso lafiya, ko tsayawa ba mu yi a daji ba. Su Kawu suna ƙofar gidanku. Ki ce wa Baba ya fito."

Ina jin sallamar daga nan, muryar Kawu Abdulsamad ce, karo na biyu ke nan yana yi. "Salamu alaikum! Malam Bature yana ciki?"

Inna ta leƙo bayan gida tana kallona, ni ma ina kallon ta, ba wadda ta amsa. Kajin kuwa sun taru a jikin raga suna miƙo wuya, lokacin dusarsu ya yi.